Kafin Ka Sayi Kibod Don Tabulet Ɗinka

Shirinmu na musamman na yau na ɗalibai ne da malamai da 'yan jarida, da duk wanda nauyi ko tsadar kwamfutar tafi-da-gidanka ya sa ya koma aiki da tabulet.

Tun 2010 da kamfanin Apple ya fito da iPad, wannan na'ura take shiga hannun mutane, kuma wajen karatu da kallo ba ta da na biyu. Amma ranar da aka ce ka buga rahoto mai shafi goma da yatsa a kan gilashi, ranar za ka fara cigiyar kibod, wato allon madannai. To wanne za ka saya?

Bari in fara da abin da ya same ni. Bara na shiga wani shago na sayi kibod siriri, mai kyan gani, madannansa laushi kamar auduga. Da dare na haɗa shi da tabulet, na zauna zan rubuta labari. Jimlar farko ita ce "baƙi sun iso". Na duba layi na sama, na duba na ƙasa, babu ƙ mai lanƙwasa. Abin da ya fito shi ne "baki sun iso". Ga shi kuma da zarar an haɗa kibod na waje, wanda ke kan gilashin sai ya ɓuya, alhali a can ne haruffanmu suke. Abin ya yi mini ciwo, domin tsakanin ƙafa da kafa, ko gaɓa da gaba, ko ɓata da bata, wannan 'yar lanƙwasa ce kaɗai ke raba ma'ana. Mai rubutu da Hausa, wannan ita ce tambayarsa ta farko, kafin launi, kafin farashi.

Gaskiyar magana, kibod ɗin da ke kasuwa ba a buga masa ɓ da ɗ da ƙ a jiki ba. Maganin yana cikin tabulet ɗin. Idan taka Android ce, irin su Samsung Galaxy Tab, akwai manhajar Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce, tana da tsarin rubutun Hausa, kuma tana aiki da kibod na waje. A iPad abin ya fi wuya, domin Apple bai bar irin waɗannan manhajoji su sarrafa kibod na waje ba. Wata dabara ita ce ka shiga saitin musanya rubutu, ka ajiye kalmomin da ka fi yawan amfani da su, irin su ƙungiya da ɗalibai, ta yadda in ka buga gajeren suna sai cikakkiyar kalmar ta fito. Tana rage wahala, amma ba ta kai ta Android daɗi ba. Wanda bai riga ya sayi tabulet ba, kuma Hausa ce abincinsa, ya sa wannan a ma'auni.

Sai jerin haruffa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun saba da tsarin Faransanci, wanda layinsa ke farawa da A, Z, E, R, T, Y. A Najeriya kuwa na Ingilishi ne, Q, W, E, R, T, Y. Kaya na tsallaka iyaka, musamman na hannu, don haka a buɗe kwali a duba. A kuma sani cewa tabulet ba ta ganin abin da aka zana a kan madanni, saitinta take bi. In suka saɓa, ka danna A ta ba ka Q, sai ka ɗauka an sayar maka da lalatacce, alhali gyaran minti ɗaya ne. Malaman Islamiyya da masu rubutun ajami, akwai kibod masu ɗauke da haruffan Larabci a gefen na boko, su nema.

Girma ma abin lura ne. A kibod na kwamfuta, daga tsakiyar madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi kusan milimita 19 ne. Waɗanda ake ɗinke wa a jikin rigar ƙaramar tabulet sukan matse, mai manyan yatsu sai ya riƙa danna biyu a lokaci guda. Shi ya sa nake roƙonku, in kun je kasuwa, ko Farm Centre ce a Kano ko wata, ku tafi da tabulet ɗin, ku haɗa a gaban mai shago, ku buga layi biyar da hannunku.

Maganar wuta kuwa, kowa ya san halin da muke ciki. Akwai kibod mai manne wa iPad ta wasu ɗigo uku na ƙarfe, yana shan wuta daga jikinta, ba ruwansa da caji, sai dai yana da tsada kuma ba kowane samfuri yake yi wa ba. Ni na fi karkata ga na Bluetooth mai batirin rediyo, kamar Logitech K380, wanda ke cin ƙananan batir biyu na AAA kuma yana haɗuwa da na'ura uku. In batirin ya mutu, mai tireda na bakin layi yana da maganinsa.

Sauran tarkace kada su cinye maka kuɗi. Abin jingina tabulet ya fi komai muhimmanci bayan kibod, domin wanda ya wuni a sunkuye, wuyansa zai ba shi labari da dare. A ɗaga ta kusa da saitin ido. Linzamin kwamfuta yana aiki a Android, kuma iPad ta karɓe shi sosai tun 2020. Idan tabulet ɗinka mai ramin USB-C ce, ɗan mahaɗi mai baki da yawa zai ba ka damar sa filashi kana caji lokaci guda. Alƙalamin gilashi kuwa na mai zane ne da malami mai duba aikin ɗalibai.

Sai ƙurar hunturu, wadda ke shiga ƙarƙashin madannai har su riƙa maƙalewa. A samu 'yar jaka mai zif, in an gama aiki a kife kibod ɗin a kakkaɓe, a bi tsakanin layukan da busasshen buroshi, sannan a rufe shi.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.