Shin Gaskiya Ne Ƙaramin Yaro Ba Ya Tuna Komai?

A unguwar Bin Omran da ke Doha, akwai maganar da nake yawan ji a bakin iyaye Hausawa: "Ai bai yi wayo ba, gobe ya manta." Da ita ake fakewa a yi cacar baki a gaban yaro, kuma abin yana damuna.

Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan. Yawancin manya ba sa tuna abin da ya same su kafin shekara uku ko uku da rabi, kuma tun 1905 Sigmund Freud ya yi rubutu kan wannan mantuwa. Sai dai ba wai yaron bai riƙe ba ne a lokacin. Wata mai bincike a Amurka, Carolyn Rovee-Collier, ta ɗaura zare daga ƙafar jarirai zuwa abin wasan da ke rataye bisa gadonsu. Suka gane in sun harba ƙafa yana motsi, ɗan wata shida kuma yana tunawa har bayan mako biyu.

Mantuwar daga baya take zuwa. A binciken Patricia Bauer da Marina Larkina na Jami'ar Emory da ya fito a 2014, an naɗi hirar yara 'yan shekara uku da iyayensu mata. Waɗanda aka sake tambaya suna shekara 5 zuwa 7 sun tuna sama da kashi 60 cikin 100 na abubuwan da aka yi hira a kansu. 'Yan shekara 8 da 9 ba su kai kashi 40 ba.

Abin da aka saba yi shi ya fi zama. Ɗan shekara uku zai jero maka yadda ake fita kasuwar Souq Waqif ranar Juma'a, amma ya cakuɗa ta wannan makon da ta makon jiya. Wannan ba ƙarya ba ce.

Cewa duk abin da yaro ya faɗa ya faru kuwa, kuskure ne. Tambayar da ke cusa amsa, in aka yi ta maimaita ta, tana dasa abin da bai faru ba. A 1995 Elizabeth Loftus ta sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na manyan da ta gwada suka yarda sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, alhali ba a yi ba.

Iyaye, ku ce wa yaro "me ya faru?" sannan ku saurara. Ku riƙa tuna masa zuwansa Kano da kiran kakarsa, ku bar shi ya ba da labarin da bakinsa.