Kaska Raɓi Mai Jini: Amsa Ga Mai Sauraronmu Na Augie

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Augie ta Jihar Kebbi, manomin shinkafa a fadamar gulbin Rima, wanda kuma yakan sayi shanu a kasuwar Argungu ya turke, ya rubuto mana cewa da saukar ruwan farko kaska ta rufe masa shanu, har kirci ya kama bijimin da yake huɗa da shi. Yana tambaya, shin jini kaɗai kaska take sha, ko kuwa cuta take kawowa? Kuma tana iya sa wa mutum ciwo?

AMSA: To malam, mun gode da takardarka. Kaska tana shan jini, tana kuma ɗaukar cuta daga wannan dabba zuwa waccan, har da ɗan Adam.

Wadda ta fi damun shanu a ƙasarku ita ce babbar nan mai dogon baki, wadda namijinta yake da zane mai launi a baya. Takan manne a hantsa, da maraina, da hammata, da ƙarƙashin wutsiya. Idan macen ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa ta saka ƙwai fiye da 10,000. 'Ya'yan sukan fito ƙarshen damina, su yi ta girma a jikin ƙananan dabbobi da tsuntsaye cikin rani, manyan kuma su taso da ruwan farko. Ka ga dalilin da ya sa ka gan su a lokacin da ka faɗa.

Shi kirci wata ƙwayar cuta ce ta fata take haddasa shi, amma yawun wannan kaska yana raunana jikin saniya, sai kircin ya samu wuri ya bazu. Ita ce kuma take kawo ciwon nan da za ka ga akuya ko tunkiya tana zazzaɓi, tana zagaye wuri ɗaya, ta faɗi tana shure-shure, in an yanka a tarar da ruwa kewaye da zuciya. Akwai wata ƙaramar kaska daban, ita ke kawo fitsarin jini ga shanu.

Yaya aka san duk wannan? Masu bincike ne suke bin kasuwanni da mahauta da rugage suna cire kaska suna ƙirgawa wata-wata. A Amurka, inda kaskar barewa take yaɗa ciwon da aka gano a garin Lyme cikin 1975, farin ƙyalle suke ja bisa ciyawa, su ƙirga abin da ya manne. A nan gida, masanan Jami'ar Ibadan sun samo wata sabuwar ƙwayar cuta a kaskar shanu cikin 1964, suka sa mata sunan Dugbe, unguwar da aka samo ta.

Binciken da zai fi yi maka amfani shi ne na wata cibiya da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso, wanda aka buga cikin 2000. Sun gano cewa a wurin kiwo babbar kaska tsakanin kofato take fara kamawa, sai saniya ta kwanta da dare sannan ta hau zuwa hantsa. Saboda haka suka shawarci makiyaya su haƙa ɗan kwarmi, a zuba ruwan maganin kaska, shanu su ratsa ta ciki da yamma in sun dawo. Ko ba ka da halin wannan, duba kofaton shanunka kafin su kwanta.

Batun mutum kuwa, i, tana sa ciwo. Cizonta yakan kawo zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa, tare da baƙin tabo a wurin cizon. Akwai kuma zazzaɓi mai sa zubar jini da aka fara gani a Kirimiya cikin 1944, sannan a Kwango cikin 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yakan kashe mutum 10 zuwa 40 cikin 100 da suka kamu. Dabbar da ke ɗauke da shi ba ta nuna alama, don haka mahauta da makiyaya su yi hattara da jini.

Ga shawararmu. Kada ka murtsuke kaska da yatsa. Kama ta dab da fata ka ja a hankali, ka jefa a wuta ko kananzir, ka wanke hannu da sabulu. Sabuwar dabbar da ka sayo, ware ta ka cire mata kaska kafin ta shiga garke. Bar kaji da zabi su yi yawo a turke, suna tsince ta. Kada ka fesa wa dabba maganin ƙwarin gona. Nemi malamin dabbobi a Argungu ko Birnin Kebbi ya auna maka na kaska, ya duba bijimin, ya kuma gaya maka kwana nawa za a daina shan nonon. In zazzaɓi ya kama ka bayan cizo, je asibiti ka faɗa wa likita kaska ce ta cije ka, don ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba.

Allah ya ba bijiminka lafiya, ya sa a yi damina mai albarka.