Philadelphia: Inda Ido Yake da Inda Ake Mutuwa

A 2022 ƙwaya ta kashe mutum 1,413 a Philadelphia, adadin da birnin bai taɓa gani ba. Abin da ya fi tayar da hankali yana cikin rahoton sashen lafiya na birnin: daga 2018 zuwa 2022 mace-macen baƙaƙen fata sun ƙaru da kashi 87 cikin ɗari, na farare kuwa sun ragu da kashi 12. Wato hukuma na ta ɗaure ƙafar dama, ciwon kuwa ya koma ta hagu.

Unguwar Kensington ce ta ɗauke hankalin kowa, kuma ba a banza ba. A ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa za ka ga mutane a sunkuye kamar masu ruku'u, ƙafafunsu duk gyambo saboda xylazine, maganin kwantar da dabbobi da dillalai ke gaurayawa da ƙwayar fentanyl. Nan 'yan jarida ke kai kyamara, nan 'yan siyasa ke kai ziyara, nan ake tambayar mutane abin da suke buƙata.

Amma akasarin masu mutuwa a cikin gida suke mutuwa, ƙofa a rufe. Ɗauki magidanci a arewacin birnin da ke sayen hodar ibilis jefi-jefi, bai san an zuba mata fentanyl ba. Bai ɗauki kansa ɗan ƙwaya ba, don haka ba zai taka Prevention Point, cibiyar taimaka wa masu shan ƙwaya, ba, balle ya ajiye naloxone, maganin nan da ake fesawa a hanci ya dawo da numfashi. Duk ƙididdigar da aka gina kan masu zuwa cibiya ba ta san da shi ba sai ranar da aka ɗauki gawarsa. Sai a 2023 birnin ya tura ma'aikata gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna raba maganin.

Mazauna Kensington na da tasu hujjar, ba a musu. Uwar da ɗanta ke tsallake allurai a hanyar makaranta ba za ta saurari lissafin kashi-kashi ba, kuma irin kukanta ne magajiyar gari Cherelle Parker ta amsa da ta sa aka kwashe tantunan masu kwana a titin unguwar a watan Mayun 2024. Sai dai share titi ba ya kai naloxone ɗakin kowa.

Ko kuɗin ma rigima ce. Daga diyyar da kamfanonin magani suka biya kan annobar ƙwaya, birnin ya ware wa Kensington dala miliyan 7.5 don gyaran gidaje, makarantu da wuraren shaƙatawa. A Yunin 2024 hukumar da ke sa ido kan kuɗin a jihar Pennsylvania ta ce hakan ya saɓa ƙa'ida, birnin ya ɗaukaka ƙara. Wannan jayayyar ma a kan Kensington aka yi ta.