Wi-Fi Na Gida Yana da Makulli Biyu

Ya kai ɗalibi mai karatu, in akwai na'urar Wi-Fi a gidanku, wadda ake kira rauta, to ka karanta wannan bayani da kyau, sa'an nan ka karanta wa Baba ko Yaya, wanda dai yake sayen data.

Rauta tana aika saƙonta ne ta iska, kamar rediyo, kuma katanga ba ta tsare shi. Wanda ke zaune a dakalin ƙofar gida wayarsa tana ganin sunan Wi-Fi ɗinku. In ya samu shiga, datar wata guda sai ta ƙare cikin 'yan kwanaki. Abin da ya fi wannan muni, yana iya yin damfara ta layinku, in an bi sawu kuwa ku za a fara tambaya.

Rauta tana da makulli biyu, amma mutane da yawa ɗaya suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin da ake sa wa waya ta hau Wi-Fi. Na biyu kuwa kalmar sirrin shafin da ake saita na'urar. Ana shiga shafin ta rubuta lamba irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a wurin rubuta adireshin intanet. Ainihin lambar tana kan takardar da ke manne a jikin rautar. Rautoci da yawa suna zuwa daga kamfani da sunan shiga "admin", kalmar sirri ma "admin". A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da gwada irin waɗannan kalmomi kimanin 60 kawai. Don haka a fara canza wannan makulli.

Sai a koma ga kalmar sirrin Wi-Fi. Na'urar tana karɓar harufa daga 8 zuwa 63. Kada a sa lambar waya, ko sunan auta, ko 12345678, domin su mai son shiga zai fara gwadawa. A haɗa kalmomi huɗu marasa alaƙa da juna, a ƙara lambobi, a rubuta a littafi a adana.

A shafin dai akwai wurin zaɓen irin kwaɗo. Tsohon mai suna WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake ɓalle shi. A zaɓi WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018 in na'urar tana da shi. Haka kuma a kashe abin da ake kira WPS. A 2011 aka gano ana iya cankar lambarsa mai alƙaluma 8 da gwaji bai wuce 11,000 ba, wanda kwamfuta ke yi cikin awoyi. In kamfani ya aiko da sabon gyaran manhajar na'urar, a karɓa, toshe ɓaraka ne.

To baƙo fa? Ka san a zaure ake karɓarsa, ba a ɗakin Mama ba. Rautoci da yawa suna da layin baƙi mai kalmar sirri dabam. Mai hawansa yana samun intanet, amma ba ya kaiwa ga wayoyi da kwamfutar 'yan gida.

Saura naka aikin. Kalmar sirrin gida amana ce a hannunka. Kada ka ba aboki sai da izinin Baba, domin shi ma yana da aboki. Wata-wata ku duba jerin na'urorin da ke kan layin a wannan shafi, ku ƙirga da na gida. In kun ga baƙuwar waya, ku canza kalmar sirrin nan take, sa'an nan kowa ya sake sa sabuwar a tasa wayar.