Bushewar Fata: Ba Kullum Hunturu Ne Sanadi Ba

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu da ke kaɗowa daga Sahara kan bar mazauna Maiduguri da kaushi da faso da tsagewar leɓe. Mafi yawa sukan samu sauƙi da man kaɗanya ko basilin, matsalar kuma ta gushe idan yanayi ya sauya.

Sai dai akwai bushewar da ba ta jin mai, kuma ba ta tafiya da hunturu. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa ta shi ne ƙarancin sinadarin tayirod.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Tana amfani da sinadarin aidin da ke cikin abinci wajen samar da sinadaran da ke daidaita saurin aikin sassan jiki. Idan suka yi ƙaranci, gumi da maiƙon fata sukan ragu, sabuwar fata ta yi jinkirin maye gurbin tsohuwa, jini kuma ya rage isa gare ta. Shi ya sa fatar kan yi kauri da sanyi, tana ɓarewa.

Bushewar kan zo tare da kasala, ƙaruwar nauyi, zubewar gashi, taurin bahaya da rikicewar jinin al'ada. Wanda ke jin sanyi a watan Afrilu, lokacin da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, ya kamata ya ga likita. Cutar ta fi kama mata, kuma ga mai juna biyu tana iya shafar ƙwaƙwalwar jariri idan ba a kula ba.

Gwajin jini da ake kira TSH ne ke tabbatar da ita, kuma ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Maganinta ƙwayar Levothyroxine ce da ake sha kullum bisa umarnin likita.

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai ciki kuwa 250. Don haka a riƙa sayen gishiri mai aidin, a ajiye shi a rufe, nesa da rana da danshi.