Hatsarin Tura Haƙori da Yatsa Ga Mai Sanye da Wayar Gyaran Haƙora

Wanda likita ya ɗaura wa wayar daidaita haƙora, babu abin da ke cin ransa kamar jira. Aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ma ya zarce, kuma sai a yi makonni ana duba madubi ba a ga wani sauyi ba. A nan ne wasu, musamman matasa, kan fara danna karkataccen haƙorin da babban yatsa, ko su riƙa dungurinsa da gindin biro, wai suna taya wayar aiki. Niyyar ba ta da laifi, amma dabarar ta ginu ne kan zaton cewa ƙarfi ke matsar da haƙori, alhali abin da ke matsar da shi ɗan matsi ne kaɗan wanda ya daɗe bai yanke ba.

Haƙori ba manne yake da ƙashin muƙamuƙi ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wani siririn nama mai zare-zare, wanda kaurinsa bai kai rabin milimita ba, cike da ƙananan hanyoyin jini. Idan waya ta matsa haƙori a hankali, wasu ƙwayoyin jiki sukan cinye ƙashin da ke gabansa, wasu kuma su gina sabo a bayansa, sai ya gusa da kimanin milimita 1 a wata. Nauyin da ake buƙata don karkata haƙori guda bai wuce giram 35 zuwa 60 ba, amma sai ya ɗore aƙalla awa 6 a kowace rana kafin ƙashi ya amsa. Saboda haka ne tun shekarun 1970 likitoci suka rungumi wayar da aka haɗa da nikel da titaniyom, domin tana ja da sauƙi dare da rana ba ta gajiya. Yatsa kuwa akasin haka yake yi. Yana iya danna nauyin kilo guda ba tare da mai shi ya ji ya yi ƙoƙari ba, sannan ya saki bayan 'yan daƙiƙu. Tamkar mai girgiza turke ne, ramin zai yi ta faɗi, turken bai koma inda ake so ba.

Ɓarnar ba ta tsaya ga asarar wahala ba. Matsi mai tsanani, idan ana maimaita shi, yakan toshe jinin da ke ratsa wancan siririn naman, wurin ya mutu, sai jiki ya tsaya share mataccen kafin haƙori ya ci gaba da tafiya. Wato mai gaggawar ya jawo wa kansa jinkiri. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cinyewar saiwa. Ko a hannun ƙwararren likita saiwar haƙori kan ɗan ragu yayin gyara, kuma ƙarfin da ya wuce kima na ƙara wannan hatsari. Abin da ya zaizaye sosai daga bakin saiwa ba ya tsirowa. Ana iya kuma tura haƙori ya fita daga cikin ƙashinsa, dasashi ya janye, ko jijiyar cikinsa ta mutu haƙorin ya yi duhu. Duk wannan na iya faruwa ba tare da wani ciwo mai yawa ba, sai hoton asibiti ya tona. Ga kuma ɓallewar ƙarfen da aka manna a haƙori ko lanƙwasar waya, wadda da zarar ta lanƙwashe za ta riƙa jan haƙoran da ke kusa zuwa inda likita bai nufa ba.

Wani zai ce ai tura haƙori da yatsa tsohuwar dabara ce. Gaskiya ne, Selsus, marubucin Rum na ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da shawarar a riƙa danna sabon haƙorin yaro kullum har ya miƙe. Amma yana maganar haƙorin da ke kan tsirowa ne, a zamanin da babu hoton ƙashi balle a ga abin da ke faruwa a ƙasa. Wani kuma zai kafa hujja da yaron da tsotson yatsa ya turo masa haƙoran gaba. Wannan ma shaida ce a kan mai hujjar, domin yaron kan shafe awanni da yatsa a baki shekara da shekaru, kuma abin da ya samu a ƙarshe karkatattun haƙora ne da buɗaɗɗen cizo.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da nisa. Ƙwararrun wannan fanni kaɗan ne, suna manyan birane, ga zuwa asibiti kowane mako 4 zuwa 8, don haka ba a ga laifin wanda ke son a gama da wuri ba. Sai dai gyaran kai ya fi tsada. A 2017 ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ta bayyana cewa kusan kashi 13 cikin 100 na mambobinta da aka tambaya sun ga mutanen da suka gwada gyara haƙoransu da kansu. A 2018 wata mujallar likitoci ta ba da labarin wani yaro ɗan shekara 8 a ƙasar Girka da aka ɗaura wa roba don rufe masa wushirya. Robar ta sulale ƙarƙashin dasashi, ta bi saiwa tana cin ƙashi, har ya rasa haƙoransa biyu na gaba. Alhali wushirya ce da a wurinmu ake yabawa a matsayin ado, kuma wadda a waɗannan shekarun takan rufe da kanta idan fiƙoƙi suka fito.

Ɗan girgiɗi da tsami a haƙori yayin gyara ba abin tsoro ba ne, amma ba dalilin taɓa shi ba ne. Idan ka ga aikin ya tsaya, ko waya na sukar kumatu, ko wani haƙori ya sauya launi, koma wurin likitanka, kuma in ka riga ka taɓa dannawa, ka faɗa masa gaskiya don ya ɗauki hoto ya duba saiwar. Iyaye kuma ku sa ido a kan hannun yaranku, domin haƙorin girma sau ɗaya yake fitowa.