Wasiƙun Mazan Jiya da Tarihin Bataliyoyin Sojan Ƙasa: Abin da Ya Kamata Mu Adana a Ƙasar Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Manufata a wannan maƙala ita ce in jawo hankalin malaman makaranta da dattawanmu zuwa ga wata taska ta tarihi wadda take kwance a cikin adakoki da kwallaye a gidajenmu, wato wasiƙun da sojoji suka riƙa aiko wa iyalansu daga fagen fama. A aikin tattara kayan tarihi da nake yi, na lura cewa idan aka ambaci tarihi, hankalin mutane yakan tafi ga ganuwa da takubba da jerin sunayen sarakuna. Ba safai ake tunawa da takardar da wani kurtu ya sa aka rubuta wa mahaifiyarsa daga Bama ba. Alhali kuwa littattafan Turawa sun kawo sunayen janar-janar da ranakun gumurzu, amma muryar talakan da ya ɗauki bindiga da kaya a ka, sai a irin waɗannan takardu ake jin ta. Zan fara da taƙaitaccen tarihin rundunar, domin wasiƙar soja ba ta karantuwa sai an san bataliyar da ta fito daga cikinta.

2.0 Asalin Rundunar

Tushen sojan Nijeriya yana komawa ne zuwa 1863, lokacin da wani hafsan jiragen ruwa na Ingila mai suna John Glover ya haɗa wata 'yar ƙungiya ta Hausawa a Legas, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Frederick Lugard aikin kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da haruffan WAFF. Da wannan runduna aka ci Kano da Sakkwato a 1903, da ita aka yi yaƙin Burmi a wannan shekara, da ita kuma aka murƙushe Satiru a 1906. Wajibi ne malami ya gaya wa ɗalibansa wannan gaskiya: rundunar da daga baya ta zama abin alfaharinmu, da farko makamin mamaye ƙasarmu ce.

A 1914, da aka haɗe Arewa da Kudu, sai aka haɗe rundunonin sassan biyu suka zama Rundunar Nijeriya guda, mai bataliyoyi masu lamba. A 1928 aka ƙara mata laƙabin sarauta, haruffan suka koma RWAFF. A 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Nijeriya, aka danganta rundunar ga Sarauniya, sannan a 1963, da ƙasa ta zama jamhuriya, aka sauke duk wani laƙabi na sarautar Ingila. Sanin waɗannan shekaru yana da amfani ƙwarai, domin haruffan da ke kan takarda su kaɗai sun isa su nuna zamanin da aka rubuta ta.

Ƙasar Birnin Gwari ba ta yi nisa da cibiyoyin wannan runduna ba. Zungeru, wadda ta zama hedkwatar Lugard daga 1902, tana kudu da mu. Kaduna, inda aka mayar da hedkwatar a 1917, tana gabas, tafiyar kimanin kilomita 120. A Zariya kuwa aka kafa makarantar horar da kurata a 1924, kuma a zamanin Turawa Birnin Gwari tana cikin Lardin Zazzau ne, amma a matsayin ƙasa mai sarkinta. Saboda haka saurayin da ya bar Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa da niyyar shiga soja, bai rasa ƙofar da zai bi ba.

3.0 Wuraren da Bataliyoyin Suka Yi Yaƙi

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da dutsen Mora, daga nan aka kai su Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa ke kira Yaƙin Hitila, birged ɗin Nijeriya ta yaƙi Italiyawa, ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu 1941, ta kuma nausa cikin Habasha har Harar.

Amma yaƙin da ya fi zama a bakin jama'a shi ne na Bama. A 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82. Tambarin ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawayan ƙyalle, wato dai Gizo mai wayo na tatsuniya. Tambarin ta 82 kuwa masu biyu ne giciye a kan gammo, domin yawancin kayan yaƙinsu a ka ake ɗauka cikin duwatsu da kurmin da mota ba ta shiga. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan a 1944, inda abinci da harsashi sai dai jirgin sama ya jefo musu. Bataliya ta 4 ta Nijeriya tana cikinsu. An ware bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 aka haɗa su da mayaƙan Janar Wingate da ake kira Chindit, aka sauke su a bayan dagar Japanawa. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 da ta 5 da ta 9 da ta 10 suna cikin runduna ta 82, wadda ta yi yaƙi a yankin Arakan. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung. Yawancin sojojin ba su dawo gida ba sai 1946.

Wannan tarihi yana nan rubuce a ƙofofin barikokinmu. Barikin Chindit a Zariya, da Kalapanzin da Dalet a Kaduna, da Myohaung da Arakan a Legas, da Letmauk a Ibadan, duk daga yaƙin Bama suka samo sunayensu. Barikin Bukavu na Kano kuwa yana tuna aikin kiyaye zaman lafiya da aka yi a Kwango daga 1960 zuwa 1964.

4.0 Yadda Ake Karanta Wasiƙar Soja

Shawarar da nakan ba duk wanda ya sami irin wannan takarda ita ce ya fara da ambulan kafin ya buɗe cikinta. Abubuwa huɗu ake dubawa.

Na farko, lambar soja. A Yaƙin Duniya na Biyu lambar sojan Nijeriya takan fara da haruffan NA. Ita ce mabuɗi, domin suna kaɗai yana ruɗarwa. Akawun da ke ɗaukar kurata yakan rubuta sunan yanka ne, sai ya bi shi da sunan gari ko na ƙabila. Ta haka mutumin Birnin Gwari zai iya fitowa a rajista da laƙabin Gwari, ko Zariya, ko sunan garin da aka ɗauke shi.

Na biyu, muƙami da bataliya: farabiti ne, ko kofur, ko saje, ko samanja, kuma a wace bataliya. Idan aka ga bataliya ta 7 da shekarar 1944, to, an san mai takardar yana cikin mutanen Wingate.

Na uku, hatimin gidan waya. Soja yana da nasa gidan waya mai bin runduna duk inda ta nufa, hatiminsa yana ɗauke da kwanan wata da lamba, amma ba ya ɗauke da sunan gari, don kada abokan gaba su gane inda aka yada zango. Masu nazarin tarihin gidan waya sun tattara jerin waɗannan lambobi da wuraren da kowace ta zauna. Haruffan SEAC kuwa suna nufin rundunar ƙawance ta Kudu maso Gabashin Asiya, wadda aka kafa a 1943. Rashin kan sarki a jikin ambulan ba aibu ba ne, domin sojan da ke bakin daga yakan aika wasiƙarsa ta yau da kullum kyauta.

Na huɗu, hatimin jami'in tace wasiƙu. Ba a barin takarda ta fita sai wani hafsa ya duba ta, kuma inda aka ambaci wuri ko yawan mayaƙa, akan shafe da tawada ko a yanke da reza. Shi ya sa wasiƙun ba sa ba da labarin gumurzu. Abin da ya cika su shi ne gaisuwa ga iyaye da mai gari da liman, da tambayar damina da gona, da batun kuɗin da aka aiko ta hannun En'e, da bashi, da maganar auren da aka bari a rataye, da roƙon addu'a. A nan ne darajarsu take, domin suna nuna yadda yaƙin da aka yi a wata duniya ya taɓa rumbu da tukunyar gidan manomi.

A kuma lura da rubutun: ajami ne ko boko? Da yawa daga cikin sojojin ba da hannunsu suka rubuta ba, shifta suka yi wa akawu ko wani abokin da ya yi allo. Wasu kuma a soja suka koyi boko, suna karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Idan aka sami wasiƙu biyu na mutum ɗaya, ta farko da hannun wani, ta baya da nasa hannun mai karkarwa, an sami shaidar yadda boko ya shigo wani gida.

5.0 Haɗarin da Ke Fuskantar Takardun

Gara da ɗanshi da gobara tsofaffin abokan gaba ne. Akwai kuma tsohuwar da za ta ƙona takardar ajami da kyakkyawar niyya, don ta ga sunan Allah a jiki tana gudun a taka, da yaron da zai yage kan sarki ya yar da ambulan, da dillalin da zai saye da 'yan kuɗi kaɗan ya fitar da ita ƙasar waje. A Birnin Gwari an sami ƙarin wata musiba. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna fitowa daga dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun tashi ƙauyuka da dama, kuma wanda ya gudu da ransa cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar adakar kakansa. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta sanar da sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, amma takardar da ta ƙone ta ƙone ke nan. Ga shi kuma wanda ya shiga soja a 1943 yana ɗan shekara 18, yau ya kai shekara ɗari. 'Ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu, su ma sun manyanta.

6.0 Abin da Malamai da Dattawa Za Su Iya Yi

Ina roƙon kowane malamin tarihi ko na Hausa ya sa ɗalibansa su tambayo a gida ko akwai wanda ya yi soja, tun daga Yaƙin Hitila har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Idan an sami takarda, kada a raba ta da masu ita. A ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, tare da ambulan. A rubuta sunan sojan, da garinsu, da wanda ke riƙe da takardar, a wani littafi daban. Kada a liƙe ta da gam ko salatif, kada a gasa mata leda. A shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu biyu, a ajiye a busasshen wuri nesa da ƙasa.

A nemi takardar sallama da lambobin yabo. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya suna ɗauke da suna da lambar soja a gefensu, amma Tauraron Bama da Tauraron Afirka galibi ba suna a jikinsu, sai takarda ce za ta nuna mai su. Da lambar soja a hannu ana iya bincike a Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da ofishin ƙungiyar mazan jiya. Wanda kuma bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta sa sunayen mamata a intanet, kuma an zana sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun. Daga ƙarshe, wasiƙa sirrin gida ce. Kada a karanta ta a aji ko a buga ta sai da yardar magada.

7.0 Kammalawa

Na kawo asalin rundunar, da wuraren da bataliyoyinta suka yi yaƙi, da yadda ake fitar da tarihi daga jikin ambulan. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, amma tunawa ba ta cika sai da suna. Idan kowace makaranta a ƙasar Birnin Gwari ta tsirar da ko da takarda ɗaya, za mu iya haɗa rajistar mutanenmu da suka je suka dawo, da waɗanda ƙasar Bama ta rufe. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.